Madam Ramatu da Rigar Lakwal

Ina rubutu a allo ranar Talata da hantsi, mai gadi ya leƙo, ya kira ni yadda ake kiran malamai a nan, ya ce, "Mushe Sani, Madam Ramatu ta cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli, na juyo wajen yara.

Madam Ramatu ƴar Tawa ce. Ita ce direktar kolejinmu, wata lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta a unguwar Yantala, tun kafin a ɗauke ni koyarwa. Abu guda muka daɗe muna saɓani a kansa, wato rigar lakwal. Ita ta kawo shawarar kowane yaro ya sa yadi iri ɗaya, ni kuwa ina cikin waɗanda suka ƙi. A taron iyaye na miƙe na ce wannan ƙarin nauyi ne a kan mai ƙaramin ƙarfi. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Mushe, kai allo kake kallo, ni tsakar lakwal nake kallo. Akwai yarinyar da ke ɓuya bayan aji in an fita hutu, don zanenta ɗaya ne, kowa ya haddace shi."

Aka bi maganarta. Da ƙafarta ta shiga Babbar Kasuwa ta zaɓo shuɗin yadi mai araha, mai jure wanki. Ba ta taɓa riƙe ni a zuci ba. Ranar da matata ta haihu, ita ta fara zuwa asibiti da kunu.

Sai shekarar da kogi ya cika ya shiga gidaje. Da aka dawo daga hutu, yaran bakin kogi suka zo da abin da ruwa ya bar musu a jiki. Mai lakwal ɗin ya ce doka doka ce, duk wanda ba ya da riga a mayar da shi gida. Madam ta fito ta tsaya a ƙofa. Da kunnena na ji ta ce, "Alhaji, na kawo rigar nan don ta rufa wa yaro asiri. Ba zan tsaya a tona masa asiri da ita ba."

Ya ce, "Madam, ai ke kika kafa dokar."

Ta ce, "Ni ce." Ta buɗe ƙofa, yara suka shiga.

Kafin wata ya ƙare an sauke ta, wanda ya gaje ta ya zartar da umarnin. Madam ta shiga bin gidajen tsofaffin ɗalibai tana karɓo rigunansu, tana rage su a keken ɗinkinta. Wasu yaran suka dawo ta haka. Wasu ba su dawo ba, cikinsu har da Hamsatu, wadda ta fi kowa lissafi a ajina. Madam ta same ta tana sayar da ruwan sanyi a tashar mota, ta miƙa mata riga. Yarinyar ta ce, "Madam, a gaban kowa aka kore ni. Da wane ido zan koma?"

Tun daga nan Madam ba ta ƙara samun sukuni ba. Da hawan jini ya kwantar da ita na je dubiya, magana na fita mata da ƙyar. Ta ce, "Mushe, har yanzu kana ganin kuskure na yi?" Na ce wallahi ban sani ba. Ta ce, "Ni ma ban sani ba. In ka ga Hamsatu ka gaishe ta. Kada ka yi mata zancen lakwal sai in ita ta fara."

Hamsatu ta zo zaman makoki. Ta zauna can bayan mata, muka gaisa, ba ta fara zancen lakwal ba, ni ma ban tayar da shi ba.

Allah Ya jiƙan Madam Ramatu, Ya yafe mata, Ya yalwata makwancinta, Ya karɓi niyyarta ta alheri. Allah Ya ba maigidanta da ƴaƴanta haƙurin rashinta. Yaran da aka mayar daga ƙofa kuma, Allah Ya dube su duk inda suke. Amin.