Hudar da Baba Bai Ji Ba

Mahaifina ma'aikacin wuta ne, cikin masu hawa falwaya. Kowace safiya a gidanmu na unguwar Lamisula, kafin ya sha shayi, yakan zauna a tabarma ya gwada safar hannunsa ta roba. Yakan naɗe bakinta har iska ta cika yatsun, ya matse, ya kara a kunne. Idan akwai huda, ko da ta allura ce, za a ji iska na fita. Ya sha gaya mana cewa inda iska ta bi ta fita, nan wuta za ta bi ta shiga jikin mutum.

Lokacin ina shekarar farko a jami'a, kuma a gefen tabarmar nake bitar karatu. Ban cika magana ba, ko a gida, amma ina lura. Na lura Baba ya fara ƙure muryar rediyo, kuma sai Mama ta kira shi sau biyu yake waiwayowa.

Wata Talata ya matse safar dama, ya saurara, ya gyaɗa kai, ya jefa ta jaka. Ni kuwa daga inda nake na ji wani siririn sauti. Abokin aikinsa yana zaure yana jira.

"Oga, rana na yi!" in ji shi. "Ko sai an kawo tsani za ka sauko daga tabarmar?"

Ban san yadda ɗiya take gaya wa ubanta kunnensa ya yi nauyi ba. Sai na tashi na ɗebo ruwa a daro na ajiye gabansa.

"Uwata, ai na yi wanka," ya ce.

"Baba, ara mini safar. Wani gwaji aka koya mana a makaranta."

Ƙarya na yi, Tarihi nake karantawa. Ya yi dariya ya miƙo. Na naɗe ta yadda yake yi, na tsoma a ruwa. Ƙananan kumfa suka riƙa tasowa a jere daga gindin babban yatsa.

Ya daɗe yana kallo. Ya karɓa ya sake matsewa, ya kara a kunnen hagu, ya mayar na dama.

"Daga can kika ji?"

"E, Baba."

"Tun yaushe kika gane?"

Na san ba safar yake nufi ba. "Tun kafin azumi," na ce, idona a kan littafi.

Ya sa almakashi ya yanke yatsun safar, don kada wani ya tsinta ya saka. Sannan ya ɗaga murya wajen zaure.

"Yau kai za ka hau. Ni zan riƙe tsani."

"A'a! Tsufa ya yi sallama ke nan, Oga?"

"Ya ma shigo," in ji Baba, yana ɗaure takalmi. "Idan mun tashi, ka raka ni asibiti a duba mini kunne."