Ɗaya Bakin Sarin Kaka

A gidanmu na Manchester ba mu da murhu, sai wata wutar gas a falo. Gabanta Kaka, mahaifiyar babanmu, take zama da safa bibbiyu a ƙafa, tana zagin sanyin garin tun daga Oktoba har Ista. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya shigo, ni da yayata Rahila mun dawo daga makaranta, mun tsare ta sai ta yi mana tatsuniya.

Akwai guda ɗaya da ba a samunta a banza. Duk bayan wata uku Kaka takan ce, "Ku je ku wanke hannu. Da sabulu, ba wankin agwagwan nan naku ba." Sai ta jawo akwatinta ta fito da sari, irin dogon zanen nan na matan Indiya. Wata maƙwabciyarmu Ba'indiya ce ta ba ta, saboda Kaka ta yi wa 'yar matar jego, kwana arba'in tana dama mata kunu, alhali ko yaren juna ba sa ji. Siliki ne ja wur, saƙar hannu, an jera masa 'yan mangwaro na zaren zinariya a baki. Tsawonsa ya fi falonmu. Kaka ba ta taɓa koyon ɗaurin Indiyawa ba. Ranar Kirsimeti zane take ɗaurawa da shi, ta yafa ragowar a kafaɗa, ta shiga coci tana taku ɗai-ɗai.

Rahila ta riƙe baki ɗaya a ƙofar kicin, ni na riƙe ɗayan a gindin bene, Kaka na tsakiya tana bin sa da tafin hannu. Ba a fesa masa turare, ba a sa shi a leda, ba ya ganin rana. Ya sha iska, sannan a ninke shi a sabon wuri, ba a kan tsohon kari ba.

"Ga ta nan, ta fito daga akwati," in ji Kaka.

Mu kuma mu amsa, "Ta zo mu riƙe ta."

Wai wata mata ce ta ba wani baƙon masaƙi ruwa ya sha. Ya ba ta zane mai zaren zinariya, ya ce duk tsayuwar wata ta kira ƙanwarta su warware shi. Ta yi sau ɗaya, sai ta ga ƙanwar tana shafa shi tana lumshe ido. Ta ce a ranta, wannan kallon bai yi mini ba. Ta kulle zanen a adaka, ta ɗaure makullin a ƙugu, har shekara bakwai. Ranar bikin ɗanta ta buɗe, tana ɗagawa zane ya rabu gida takwas, kowane yanki daidai inda aka ninke.

"Ba ɓera, ba gara, ba ɓarawo," Kaka takan faɗa tana kallonmu ta saman tabarau. "Ajiya ce ta cinye shi. Ƙurunƙus, a mayar akwati."

Mu dai a lokacin kafaɗarmu ce ta dame mu. Rahila ta ce, "Kaka, my arms!" Kaka ta ce, "Gidanku. Ɗaga shi sama, yana taɓa ƙasa."

Lokacin da Kaka ta rasu ina aiki a Birmingham. Ba ta ce ga wadda za ta ɗauki sarin ba. Bayan jana'iza na zura shi a jakata ban gaya wa kowa ba, wai ai ni ce takwararta. Rahila ta bugo waya ta ce ita ta yi jinyar shekara biyu, ita ke kai ta wurin likita, ni sai dai in zo Asabar da ayaba. Gaskiyarta ce, shi ya sa ma na fi jin haushi, na gaya mata maganar da har yau ba na son tunawa. Shekara huɗu muna gaisawa ta bakin Mama.

Sarin na nan a saman durowa a gidana na unguwar Selly Oak a Birmingham. Sau ɗaya na gwada warware shi ni kaɗai a kan gado, ya sulale, rabinsa na sharar ƙasa. Na mayar da shi kan karinsa na da, na ce sai wani lokaci.

Watan jiya ina neman bargo hannuna ya faɗa kan farin ƙyallen da Kaka ke naɗe shi a ciki. Na buɗe. Ƙamshin man zafinta ne ya fara tare ni. A kan karin farko zaren zinariyar ya kakkarye, silikin ya tsage kamar tsawon ɗan yatsa. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kuma kunyar ta fi baƙin cikin yawa. Shekara nawa ina jin tatsuniyar nan ina yi wa matar dariya? Sai ranar na gane abin da ya sa Kaka ba ta taɓa faɗarta ba sai muna riƙe da baki ɗai-ɗai muna fuskantar juna.

Na kira Rahila tun kafin zuciya ta hana ni.

"Yaya, sarin Kaka ya fara tsagewa."

Na ji ta rage muryar talabijin.

"Wuri nawa?"

"Wuri ɗaya."

"To kar ki ƙara taɓa shi. Asabar zan shigo jirgin ƙasa na safe." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma ke, ki wanke hannu. Da sabulu."