Gwaggo Afra da Kambin Saniya

"Ban ce ta mutu ba, Gwaggo. Cewa na yi ba a gan ta ba."

"To mene ne bambancin? Miƙo mini almakashin can."

"Baffa Wendelin ya ce tun da gari ya fara haske yake nemanta."

"Da me yake nemanta, da hanci? Mutum ya yi furfura a bayan shanu, a ce ya kwance wa karsana ƙararrawa ya sake ta."

"Ba sakinta ya yi ba, fizgewa ta yi."

"Kai dai Magnus kullum sai ka nema wa mutum mafita. Halin uwarka ne sak."

Muna cikin rumfar bayan gidanta ne, da safiyar ranar saukar shanu. Kambin yana jingine a kan tebur, tsayinsa ya kusa kai ƙirjina. Ta saƙa shi da rassan itacen dutse masu ganye kamar allura, da furen ƙaya mai hasken azurfa, da jajayen 'ya'yan itace, ga ɗan madubi a tsakiya da gicciye a samansa. Tun jiya ta gama. Abin da take yi da almakashi yanzu datse abin da ba ya bukatar datsewa ne kawai.

Kowa a kwarinmu, nan gindin duwatsun kudancin Jamus, ya san dokar. Shanun da suka yi watannin zafi suna kiwo a kan dutse, idan kaka ta shigo aka sauko da su don kowa ya karɓi nasa, saniyar da ke gaba ba ta sanya kambi sai in garken ya dawo cif. In an rasa ko da ɗaya, haka za su ratsa gari kai babu ado. Bara tsawa ta kashe karsana biyu a hannun Baffa Wendelin, ƙanen Gwaggo, wanda shi ne makiyayin garinmu. Bara waccan wata ta zame ta faɗa rami. Ba wanda ya ce laifinsa ne. Amma masu shanu sun fara kai nasu wasu duwatsun, kuma ana ta ƙus-ƙus cewa in bana ma aka sauko haka, za a ba wani saurayi daga kwarin gaba kiwon. Baffa kuwa bai san wata sana'a ba.

Bana komai ya tafi lafiya har jiya da yamma. Ana gobe sauka akan kwance wa shanu ƙananan ƙararrawar kiwo, a ɗaura musu manya na biki waɗanda ƙararsu ke cika kwari. Wata karsana da bana ne hawanta na farko, an cire mata ƙaramar ke nan, sai ta kusa da ita ta kaɗa babbar. Ta firgita, ta tsallake shinge, ta shige cikin jiƙaƙƙen hazon dutse. Saniyar da ba komai a wuyanta, a irin wannan hazo, sai ka wuce ta gabanta ba ka sani ba.

Gwaggo Afra yayar babana ce. Ban taɓa ganin ta sha kofi a zaune ba. Ta gaji haɗa kambi a wajen kakata lokacin da yatsun tsohuwar suka sandare. Mijinta mai gyaran rufin gidaje ne, ya rasu da wuri, 'yarta ɗaya kuma tana aikin jinya a birni. Da hunturu tana gyara ɗakunan baƙin da ke zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara, da zafi tana juya cuku a gidan cukun gari. Da zarar ganye ya fara canza launi sai ka gan ta a gangara da kwando tana tsinko kayan kambi. Shekara biyun da ba a yi kambi ba hannunta ya rasa abin yi, har ta je ta yi wa ƙofar coci fenti ba wanda ya sa ta. Fada, limamin cocin, ya fito ya tarar da ƙofarsa koriya.

Muna nan sai ga Pankraz, shugaban masu shirya biki, kuma shi ne mai karsanar da ta ɓata. Ya shigo yana haki cikin gajeren wandonsa na fata.

"Afra, motocin baƙi sun cika filin makaranta. Yara sun jeru a kan katanga ko karyawa ba su yi ba. Karsanar tawa ce, ni na ce a ɗaura kambin. Ai ba gawarta aka gani ba."

"Taka ce in an miƙa maka igiyarta a fili. Kafin nan ta Wendelin ce."

"Don shi nake faɗa. Kin san abin da ake cewa a gari."

"Na sani, har da wanda kai kake cewa in ka sha kofi biyu na giya."

"Haba Afra."

"In an ɗaura yau, gobe aka tsince ta a rami, me za ku kira shi? Je ka gyara maɓallinka, Pankraz. Wandon nan tun na aurenka ne, ka bar shi ya huta."

Ya fita yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Yana juya baya ta ɗauko zanin gado ta naɗe kambin, ta ce in sa shi a bayan mota.

Na ce, "To in ba za a ɗaura ba, me ya sa za mu hau da shi?"

"Don ban san abin da zan yi ba. Tuƙa."

Aikina tuƙa motar kwasar madara, don haka na san kwanonin hanyar nan ko da ido a rufe, amma ranar a hankali na bi ta saboda hazo. Gwaggo ta sauke gilashi ta kasa kunne, ta ɗaga saboda sanyi, ta sake saukewa. Tana yi tana magana, ni ina ji. Ta ce ita ta fara hawa dutsen nan da Baffa, tana jan hannunsa yana kuka. Ta ce mutum ne da ba ya iya zama a ɗaki, da hunturu ma sai ka same shi a turken shanun maƙwabta yana shafa musu wuya. "In suka karɓe dutsen nan, a kicin ɗina zai tare. Ni kuma ba zan iya kallonsa ba."

Tun kafin mu ga shingen muka ji shi. Manyan ƙararrawa suna ta rugugi, ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai sai ka matsa. Matasan gari da suka hau taya kora suna tsaye da fararen riguna da sanduna, kowa na kallon agogo. Baffa ya fito daga hazo a jiƙe har cinya, gemunsa na ɗiga.

Gwaggo ta ce, "Ka ci wani abu?"

"Ƙarar nan ce ke korarta, Yaya. Muddin manyan nan na kaɗawa ba za ta matso ba. Ku sauka da su. Ni zan tsaya da Alma, in mayar mata da ƙaramar ƙararrawarta. Duk watannin nan bayanta karsanar ke bi."

Alma ita ce tsohuwar saniyar da aka auna wa kambin.

"Ka san yadda za a gan shi a ƙasa? Ba kambi, ba Alma, ba kai."

"Na sani."

Gwaggo ta je ta buɗe bayan mota, ta rufe, ta dawo. Ta rage murya, amma ina kusa na ji. "Wendel, ga waccan ja, tana da haƙuri, za ta iya ɗauka. In ka ce a ɗaura mata zan ɗaura. Duk abin da ya biyo baya ni zan ce ni na yi."

Baffa ya dube ta ya matse ruwan gemunsa. "Inna ta taso daga kabari ta mare mu mu biyu? Ku tafi, rana na yi."

Haka aka buɗe shinge. Garken ya kwararo, matasa na gaba da gefe suna tarewa, mu muna biye a mota kamar masu rakiyar gawa. Da muka shigo gari baƙi suka hau tafi suna ɗaga wayoyi, su ba su san komai ba. 'Yan gari kuwa kan saniyar farko suka kalla, suka nemi Baffa a gaba ba su gan shi ba, sai suka kalli juna. Wata yarinya da ke kan kafaɗar babanta ta tambaye shi ina mai furen. Ya ce ta yi shiru ta ci tuffarta. 'Yan badujala suka busa abin da suka saba busawa.

A fili aka shiga rabo. Ana tura saniya ta ƙofa, a kira sunan mai ita, ya zo da iyalinsa su ja abarsu. Bayan haka kowa ya nufi babbar rumfa. Iyalai sun cika bencina, 'yan birni da suka dawo gida suna rungumar abokan makaranta, yara na layi wajen injin matse tuffa kowa na son shi ya juya hannun. Gwaggo ta ɗaura ƙyallen girki a ƙugu ta shiga bayan tukwanen taliyar cuku da soyayyiyar albasa. Sai dai ba ta jimawa. Ta zuba faranti biyar, ta fita da ludayi a hannu har bakin gada ta kalli hanyar dutse, ta dawo ta ce wa matan albasar ta ƙone, alhali ba ta ƙone ba.

Wani daga cikin masu shanu yana gaya wa na kusa da shi cewa shi dai ya riga ya yi magana da saurayin kwarin gaba. Gwaggo ta dire masa faranti a gaba har miya ta fantsamo.

"Ci, bakinka ya sami aiki."

"Ban yi oda ba, Afra."

"Na ga alama kana bukata."

Rana ta karkata, an kwashe yawancin shanu, motocin baƙi sun fara ficewa. Ta zo ta ja hannun rigata ta ce in kai mota bakin gada. Muka tsaya. Wato ni na tsaya, ita tana zuwa wancan ƙarshen gadar tana dawowa. Hazon ya fara yagewa, ana hango baƙin dajin sama.

"In bai same ta ba, ba zai sauko ba, ka sani? A can zai kwana."

Na ce na sani.

"Da na ɗaura wa jar nan da ƙarfi. Me zai yi mini?"

Sai ta tsaya cak. Ta ɗaga hannu ta ce in kashe motar, duk da a kashe take.

Ƙara ce 'yar siririya, tana zuwa tana ɗaukewa. Sai ga Baffa ya ɓullo daga kwana yana ɗingishi, Alma na bayansa tana tafiyarta ta ƙasaita. A bayan Alma, hancinta kusan a jikin wutsiyar tsohuwar, ga karsanar, laka har ciki, da ƙujewa a gwiwa ɗaya.

Gwaggo ba ta yi masa sannu ba. Ta zagaya karsanar, ta taɓa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "A ina?"

"Tana tsaye a bayan wani dutse, ko nisan jifa bai kai ba daga shingen. Sai da ƙarar ta mutu sarai ta leƙo."

"Sakarya. Magnus, buɗe mota."

Ni da Baffa muka ɗaga kambin, ita ta zura maɗaurin fata ta ƙarƙashin ƙahonin Alma, ta ja, ta ɗaure. Ɗaurin bai yi mata ba, sai da ta kwance ta sake. Alma ta girgiza kai sau ɗaya ta haƙura. Na ruga rumfa na gaya wa 'yan badujala, suka fito a guje, mai babban ƙaho yana tauna da baki cike.

Ban taɓa ganin saukar shanu irin wannan ba: mutum ɗaya, shanu biyu, titi duk kashin garken da ya wuce tun safe. Mutane suka fito daga rumfa da farantai a hannu suka tsaya gefe biyu. Tsofaffi suka cire huluna. Yara suka bi bayan karsanar suna mata ba'a. Baffa bai kalli kowa ba har fili, inda ya tsaya a ƙofar rabo ya kira sunan Pankraz da ƙarfi kamar akwai sauran garke a bayansa.

Pankraz ya karɓi igiya, ya duba gwiwar, ya ce, "Baɗi ka ɗaura mata babbar kafin ka kwance ƙaramar."

"Baɗi?"

"To wa zai karɓi wannan mahaukaciyar in ba kai ba? Ni dai nawa suna wajenka. Sauran kuma zan ji da su."

Aka turo wa Baffa benci, aka sa masa faranti a cinya. Ya matsa gefe ya buga wurin da ke kusa da shi.

"Yaya, zauna ki ga abin da kika haɗa."

"Na gani. Ya karkace hagu."

"Zauna dai."

"In zauna, wa zai kankare tukwanen? Cukun nan in ya bushe sai da guduma." Ta juyo gare ni. "Kai kuma kada ka bar mini zanin gadona a mota."

Ta gyara ɗaurin ƙyallen girkinta, ta ratsa ta tsakanin yaran, ta nufi bayan rumfa.