Alwalar da na riƙe ta kusa cinye mini ƙoda

A wancan lokaci ni ne na'ibin liman a masallacin lungunmu a Soron Ɗinki, ina kuma kwafe littattafan ajami a zaure. Abin da nake alfahari da shi, Allah Ya yafe mini, shi ne alwalar La'asar takan kai ni Isha. Har mutane na ambatona da haka. Sai Allah Ya jarrabce ni da ciwon suga, fitsari ya riƙa matsa mini. Na ga ƙasƙanci ne a riƙa ganina da buta ina kai da komowa, don haka na rage shan ruwa, in kuma ya matsa sai in danne.

Ba a jima ba fitsarin ya fara zafi kamar barkono, ya yi kauri, ya yi wari irin na kwatar da ta toshe. Kiyashi na bin inda na tsuguna. Wata rana ladaninmu, wanda muka taso tare, ya shaƙi iska ya ce mini lallai ɓera ya mutu a ƙarƙashin tabarmar liman, ko kuwa ni Malam ne na fara ruɓewa tun kafin a kai ni kabari. Aka yi dariya, ni ma na yi, alhali na san ni ne. Maimakon asibiti sai na ƙara turare. Wani ya ce sanyi ne, na sayi jiƙo ina sha da zuma, ni mai suga.

Mai ɗakina ce ta tona. Ta ɗago wandona da tsinin sanda, ga ɗigon mugunya ya bushe a jiki, ta tambaye ni ko da wannan nake shiga gaban mutane. Ran nan zazzaɓi da ciwon kwiɓi suka kwantar da ni, aka kai ni asibiti. Likita ta bayyana mini cewa sugan da ke fitsarina abinci ne ga ƙwayoyin cuta, ni kuma na tare musu ruwa suka hayayyafa har suka hau ƙoda, kuma a jikin mai suga sun fi ɓarna. Ta ce Baba, saura kaɗan su shiga jini. Na warke, amma ƙoda ɗaya ta raunana har yau.

Abin da ya fi damuna shi ne na san hukuncin sarai, na sha karantar da cewa ba a so a yi salla fitsari na matse da mutum. Tsarkin da nake taƙama da shi riya ce, najasa na ɗiga a wandona ina jan sahu. 'Yan'uwa masu suga, ku sha ruwa, kada ku riƙe fitsari, in ya yi zafi ko wari ku je asibiti. Yanzu kowace salla da alwalarta. Ladan na kirana Malam mai buta, ni kuwa ina amsawa.