Daminar da Na Raina Irin Baba

Ko haƙorana za su zube don tsufa, daminar da na raina irin geron Baba ba za ta fita daga raina ba.

A shekarar da ya rasu ne gandu ya dawo hannuna, a ƙauyenmu kusa da Dutsi, ga gida cike da iyali. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, ba a gaya mini in ji. Da rani na je Sandamu gaida kawuna, ya buɗe mini rumbu, na ga zangarniya zankaɗa-zankaɗa. Ya ce wannan iri kuturu ba ya taɓa shi, wato cutar nan da ke sa kan gero ya fito da cukurkuɗaɗɗen ganye maimakon tsaba. Ban yi wata-wata ba na ɗauko irin da zai ishi gandun duka.

Al'adar Baba ce duk kaka ya zaɓi zangarniya mafi kyau, ya ɗaure, ya rataye a madafa inda hayaƙi zai kore ƙwari. Na ce wa Inna a sauke damin ƙarshe da ya rataye, a yi wa masu gayya fura. Ba ta yi musu ba, ta dai zare kaɗan ta ce za ta shuka a gayaunarta. Har da tsokanarta na yi, wai zamani ya wuce wannan.

Shuka ta yi kyau, har ana tsayawa kallo. Bayan noman farko ruwa ya zauna, wata safiya na ga ganye ya yi fari-fari. Na juya shi, sai ga wani abu kamar gari a ƙarƙashi. Na tuge wanda ya kamu na ƙone, washegari na tarar da wasu. Kullum daga masallacin asuba sai gona, ina bin kunya-kunya ina juya ganye, ina addu'a. Tuwo ya daina wuce mini. In na ga yara sun kewaye akushi sai in kau da kai, ina tunanin me zan zuba a rumbu. Wallahi tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Na ɗauko malamin gona a babur, ina ta faɗa wai kawu ya cuce ni. Ya duba, ya ce kawu bai yi ƙarya ba, sunan cutar ne ɗaya amma ƙarfinta ya bambanta. Wadda ke ƙasar gonarmu ta fi ta su kawu zafi, irin da na ɗauko kuwa da tasu ya saba.

Daga nan muka leƙa gayaunar Inna. Kuturun na nan jifa-jifa, amma gero ya tsaya da ƙafarsa. Tana cikin cire ciyawa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ai shekara da shekaru babanku yana zaɓen wanda ya tsira. Kai kuma ka sa na dama shi."

A shekarar, tun kafin bazara rumbu ya yi ƙasa, sai da muka rabu da saniya. Abin da Inna ta girbe kuwa ko hatsi ɗaya ba mu ci ba, shi ya zama iri.

Har yau ba na ƙin sabon iri, amma sai na gwada shi a gefen gona damina biyu tukuna. Duk kaka kuma da hannuna nake rataye damin nan a madafa.