Ragunan Baba Sanda da Ƙafar Tanki

Baba Sanda mutumin Zamfara ne, amma Kaduna ce ta ci ƙuruciyarsa. Ya fara da lodi a tashar Kawo, ya koyi tuƙi, daga nan ya zama direban wani ma'aikacin gwamnati a Malali. Shi ya yi ta kai 'ya'yan gidan makaranta har suka girma. Da idonsa ya fara gajiya da titi sai ya ajiye makulli ya koma Katabu, inda mutanen unguwa suka damƙa masa kula da tankin ruwansu.

Tankin babba ne, yana zaune can sama a kan ƙafafun ƙarfe huɗu. Ƙarƙashinsa inuwa ce mai sanyi, don haka nan mata da yara suke jera jarkoki, nan shi ma yake shimfiɗa tabarmarsa. Bai taɓa wasa da tankin nan ba, duk shekara sai ya yi wa ƙafafun sabon fenti da hannunsa. Da yake kuma ba ya iya zama babu dabba, yana kiwon ragunan layya, yana ɗaure su a ƙafar da ke kusa da katanga. Takin da ya taru a wurin ba ya kwashewa, ya ce ya fi siminti taushi ga rago.

Sadiya, autar maigidansa na dā, ta zama injiniya. Aikinta shi ne manna ƙananan na'urori a jikin gadoji da dogayen gine-gine, su riƙa aiko mata da labari ta waya idan wani abu ya motsa. Wata rana da ta zo gaishe shi, ta hau tsani ta ɗaura guda ɗaya a ƙarƙashin tankin, ba ta fi kwalin ashana ba.

"Baba, ko da kaurin gashi tankin nan ya karkata, wannan za ta gaya mini."

"To ni mi ni ka yi nan, ɗiyata? Gadin raguna?"

"Ai ragunan ne ke gadinka," in ji ta. Suka yi dariya.

Ƙarshen damina, da hantsi, layi ya yi tsawo, sai ga kiranta. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

"Baba, akwai mutane a ƙarƙashi?"

"Cike."

"Ka fitar da su yanzu, har kai. Tun farkon damina yake karkata kaɗan-kaɗan, na zaci na'urar ce ta goce. Daga jiya zuwa yau ya motsa fiye da duk na baya. Ga ni nan tafe."

Ya ɗaga kai ya dubi tankin. Yana nan tsaye cak, fenti na ƙyalli. Amma ya san muryar yarinyar nan tun tana kuka a kujerar baya, kuma bai taɓa jin ta haka ba. Ya kashe famfo ya kora kowa tsallaken hanya.

Harira mai ƙosai ta riƙe ƙugu. "Malam Sanda, waya ce za ta hana mu ruwa? Ko ragunanka ne suka kai ƙararmu?"

"Ki yi haƙuri, Harira. In ƙarya ce ni zan ɗebo miki da kaina."

Da Sadiya ta iso, ta dubi wayarta, ta nufi ƙafar tankin da ke kusa da katanga kai tsaye. Ta ce a kwance ragunan, a kawo shebur. Shi da kansa ya haƙa. Daidai inda taki ya fara rufe ƙarfen, nan fentinsa ya tsaya. Ƙasa da nan ƙarfen ya zama ja, yana ɓarewa kamar ƙanzo. Ta ɗan danna da makullin motarta, makullin ya shige ciki.

"Fitsarin raguna ne, Baba," ta ce a hankali. "Taki ya riƙe shi a jikin ƙarfen, tsatsa ta cinye."

Shebur ya suɓuce daga hannunsa. Ya dubi ramin, ya dubi jarkokin da aka bari a jere, ya dubi 'yan takalman da wata yarinya ta manta a gefen tabarmarsa. Sai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ba lokacin tsayuwa ba ne. A rage wa tankin nauyi," in ji Sadiya.

Suka jona tiyo a famfo suka ja shi zuwa tsallake. Mutane suka riƙa tara jarkoki, da suka cika aka bar sauran ya bi kwata. Ruwan ya kusa ƙarewa aka ji wata ƙara kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Ƙafar ta lanƙwashe daga gindi, tankin ya sunkuyo a hankali, sannan ya zubo gaba ɗaya a kan jarkoki da tabarmar.

Mata suka riƙa lalubar 'ya'yansu suna kiran sunayensu, alhali yaran na riƙe da zanensu. Babu wanda ko ƙwarzane ya samu.

Baba Sanda ya zauna a bakin kwata, igiyar raguna a hannunsa. Harira ta kawo masa ruwa a kofi daga jarkarta. Ya karɓa ya riƙe, ya kasa sha, idonsa na kan wurin da layi yake ɗazu.