Wa Ke Ɗaure Kwalekwalen?

Lokacin da muke zaune a Kawo, kafin a sami 'yancin kai, Baba akawu ne a ofishin gwamnati. Wani lokaci in ya taso aiki mukan hangi ɗan littafi ɗaure a bayan kekensa. Littattafan jeri ne, labarin wa da ƙanwa da ke bin kogi cikin kwalekwale suna neman mahaifinsu. Yayata ce ke karanta mana a zaure bayan la'asar, ni da abokina, ɗan malamin allon da ke maƙwabtaka da mu. Yaya ta iya karatu ƙwarai. In ta zo wurin da kada zai fito sai ta sassauta murya har mu matso kusa.

Abu ɗaya ne ya hana mu sakat. A kowane littafi yaran kan bar kwalekwalen a sake, ko igiyarsa ta tsinke, amma in sun dawo sai su tarar an ɗaure shi a jikin bishiya da sabuwar igiya. Marubucin bai taɓa faɗin wanda ya ɗaure ba.

Ni na kafe uban ne ke bin su a ɓoye. Abokina ya ce aljanin ruwa ne. Yaya ta ce dukanmu ba mu saurara da kyau ba.

"Tsohuwar nan mai sayar da kifi ta littafin farko, me take yi da suka same ta?"

"Tufka," in ji abokina.

"To, wa ke da sabuwar igiya in ba mai tufka ba?"

Na ce, "Yaya, tsohuwa ce za ta yi ta bin kwalekwale a ƙafa gari gari?"

Gardamarmu ta kai kunnen Malam, mahaifin abokina, mutumin Sakkwato, wanda ba ya karanta boko. Muka ɗauka faɗa zai yi. Sai ya zauna a bakin zaure ya ce, "Ɗiyata, soma min daga farko." Ya saurara har ƙarshe, ya goyi bayana. Baba kuwa ya bi Yaya. Daga nan in sun fito masallaci sai mu ji su suna jayayya a kan igiya, kamar batun shari'a.

Da littafin ƙarshe ya zo, yaran suka sami ubansu kwance ba lafiya a wani gari mai nisa, inda yake jinya tun kafin su baro gida. Ni da Malam muka sha kaye ke nan. Igiya kuwa ko ambatonta ba a yi ba. Na ji haushi har na ƙi cin tuwo.

Yaya ba ta yi mana dariya ba. Washegari ta tara mu ta ƙirƙiro nata ƙarshen da ka, inda tsohuwar ke da 'yan'uwa mata a kowane mashigi, duk masu tufka, suna aika wa juna saƙo. Ta tsara shi tsaf, babu inda ya yi karo da littafin. Malam ya jinjina kai, ya ce wa Baba kada ya kuskura ya cire yarinyar nan daga makaranta.